Tafiya da Yara, Daga Filin Jirgi Zuwa Kwanan Tanti: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

"Baba, mun kusa?" A Wudil 'yata ta yi mini wannan tambayar, alhali Yankari muka nufa, ko kashi ɗaya cikin biyar na hanyar ba mu ci ba. Tun daga ranar na fahimci cewa idan za a yi tafiya da iyali, ƙaramin cikin yaran ne ke tsara ta. Cikinsa ne zai faɗi lokacin tsayawa, barcinsa ya faɗi lokacin tashi, takardunsa kuma su faɗi ko za a tsallaka iyaka ko za a juyo gida.

Tafiya da yara ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Fatake sun yi ta bin hanyar Gwanja suna yada zango har Salaga, shi ya sa har gobe unguwannin Hausawa a Ghana ake ce musu zango. Mahajjatan da sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa da mata da 'ya'ya, wasu yaran ma a hanya aka haife su. Amma madugu ba ya tayar da ayari sai ya san inda ruwa yake da inda za a kwana. Wannan aikin yau a wuyan uba da uwa yake.

Kowane yaro da fasfonsa

Zamanin da ake rubuta sunan yaro a fasfon uwarsa ya wuce. Ko jaririn wata ɗaya ne, sai da nasa fasfo, kuma idan ƙasar na neman biza, sai da tasa biza. A Najeriya fasfon yara na shekara 5 ne, mai shekara 10 na manya ne kaɗai. Nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe, su duba nasu su ga da sauran lokaci, su manta na yaran ya kusa ƙarewa. Ƙasashe da dama, har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 a fasfo ranar da ka shiga.

Akwai wata matsala da ta fi shafarmu. A al'adarmu yaro sunan ubansa yake ɗauka, uwa kuma sau da yawa tana nan da sunan nata mahaifin. Idan uwa ta tsaya gaban jami'in shige da fice da yara uku, sunansu daban nata daban, babu abin da ke nuna masa nata ne sai takardar haihuwa. Ga kuma riƙo: ɗan yaya, 'yar ƙanwa, marayan da ya tashi a hannunka har ka daina tuna ba kai ka haife shi ba. A gida ɗanka ne, a bakin iyaka kuwa sai da hujja. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a wani filin jirgi, riƙe da hannun yarinya 'yar kimanin shekara bakwai, tana ta maimaita wa jami'i, "Ranka ya daɗe, wallahi 'yar yayata ce, ni na yaye ta." Gaskiya take faɗa, amma jirgi ya tashi ya bar su. Jami'in ma ba mugunta ya yi ba, domin safarar yara abu ne da ke faruwa, saboda ita aka kafa hukumar NAPTIP a 2003.

Don haka a riƙe takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar amincewar uban ko uwar da ba ta cikin tafiyar, haɗe da kwafin katin shaidarsu da lambar waya. Ɗan riƙo kuwa a nemo masa takardar rantsuwa daga kotu. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a waya.

Allurai ba sa jiran ranar tafiya

Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma ana yi wa yaro ita daga wata 9. Wanda ya sayi katin a bayan fage ba tare da an yi wa yaron allura ba, ɗansa ya cuta, domin sauron da ke ɗauke da cutar ba ya duba kati. Masu zuwa Umara kuma su san Saudiyya na neman shaidar allurar sanƙarau, ita ma aƙalla kwana 10 kafin isa.

'Yan uwanmu da ke zaune a Ingila ko Amurka, masu kawo yara gida hutun Sallah, su ma da tasu. Yaron da aka haifa a can jikinsa bai taɓa haɗuwa da zazzaɓin cizon sauro ba, kuma yana iya kayar da shi cikin kwana biyu. A ga likita a karɓi maganin kariya tun kafin a taso. Yaro mai sikila ma kada a sa shi a jirgi ko a doguwar hanya sai likitansa ya sani, saboda sanyi da ƙishirwa da gajiya duk suna tayar da ciwon.

A cikin jirgi

Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne, amma daga ranar da ya cika biyu sai an saya masa kujera. Kukan da jarirai ke yi lokacin sauka ciwon kunne ne, saboda canjin nauyin iska. A ba shi nono a daidai lokacin, haɗiyar tana buɗe kunnen. Dokar hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 ba ta hana madara da abincin jariri, sai dai a nuna wa masu bincike. Magani da kayan canji su zauna a jakar hannu, domin babban akwati yakan makara.

Cinyar uwa ba ta tsare yaro a mota

Wannan ne wurin da na fi so a tsaya a saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu kuwa yadda muka saba shi ne uwa ta zauna gaba da jariri a cinya, sauran yaran suna tsaye a baya suna leƙe tsakanin kujeru. Idan mota na gudun kilomita 50 kacal ta yi karo, nauyin jaririn kan ninka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, babu hannun da zai iya riƙe shi komai son da uwa ke yi masa. Kujerar yara da ake ɗaurewa da bel ita ce maganin wannan. Ta jarirai baya take kallo, kuma ba a sa ta a gaba inda jakar iska take, domin idan jakar ta fashe yaron za ta buga.

A Ingila doka ce yaro ya zauna a irin wannan kujera har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Wanda zai yi hayar mota a Turai ko Afirka ta Kudu ya nemi kujerar tun lokacin da yake kama motar ta intanet. Ya kuma tuna a Ingila da Afirka ta Kudu ta hagu ake tuƙi.

Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da na shiga shago a fito ne. Cikin minti 10 zafin ciki kan ƙaru da kusan digiri 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Ka auna wannan da ranar Afrilu a Sakkwato ko Zinder.

Game da lokaci, shawarata a tashi bayan sallar asuba, a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu yara su miƙe ƙafa, a isa masauki kafin la'asar sakaliya. Da irin halin da wasu hanyoyinmu ke ciki na 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, tafiyar dare da iyali ganganci ce. A tambayi direbobin tasha labarin hanya ana gobe za a tafi, sun fi kowace taswira ta waya sanin abin da ke faruwa. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi, sallah mai raka'a huɗu ta koma biyu idan tafiyar ta kai kimanin kilomita 80.

Tsallaka iyaka da motarka

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba biza. Motar kuwa tana da nata takardun: na mallaka, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ƙungiyar da ake kira Brown Card, da izinin shigar da mota na wucin gadi daga kwastan. Daga Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, Seme da Hilakondji da Aflao, kuma kowace tana iya cinye awoyi yara na zaune cikin rana. A tanadi ruwa da abin taɓawa, da canjin sefa da sidi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai bi ta Jibiya ko Maigatari ya binciki ƙa'idar da ake bi a makon da zai tafi.

Kwana a tanti

A Afirka ta Kudu da Amurka da Turai, iyali su loda tanti a mota su tafi hutu abu ne da aka saba, kuma ya fi otal sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1926, yana da sansanoni masu shinge irin su Skukuza da Satara, da banɗakuna da wurin girki na tarayya. Ana rufe ƙofa da faɗuwar rana, gudu a kan kwalta ba ya wuce kilomita 50, kuma ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Mu ma muna da Yankari a jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,200, da giwaye da ɓauna da gwanki, da ruwan Wikki da ɗuminsa ke nan a digiri 31 rani da damina. Ghana na da gandun Mole a arewacinta.

Kafin a kai yara daji, a kafa tantin a tsakar gida su kwana ciki dare ɗaya. Mu da muka saba shimfiɗa tabarma a waje lokacin bazara ba zai zame mana aiki ba, kuma a nan za a gane wane ne ke tsoron duhu, da abin da aka manta.

Babban haɗarin tanti hayaƙi ne. Idan sanyin hunturu ya tsananta da tsakar dare, zuciya takan raya wa mutum ya shigo da murhun gawayi ciki. Kada a kuskura. Garwashi na fitar da iskar guba marar wari marar launi, irin wadda janareta ke fitarwa, wadda muka sha jin ta hallaka iyali guda suna barci. Girki a waje, janareta can nesa, sanyi kuma a yaƙe shi da bargo da rigar sanyi da safa.

Sai ƙwari da macizai. A zuge zif ɗin tanti kowane lokaci, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada yaro ya fita fitsarin dare ba tocila ba takalmi. Kububuwa, wadda saboda yawan saranta aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo, da dare take yawo, kuma launinta ya saje da ƙasa. Idan ta yi sara kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A kwantar da yaron, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Shi ya sa ake sanin asibiti mafi kusa tun kafin a kafa turke.

Birai ma ba abin wasa ba ne. A Wikki ina kallo wani ƙaton gwaggon biri ya taho kai tsaye ya fizge ledar gurasa daga hannun ɗana, yaron ya daskare ko kuka ya kasa. Allah ya kiyaye bai riƙe ledar ba. Abinci ya zauna a rufe cikin but, kuma a gaya wa yara idan biri ya zo su saki abin da ke hannunsu. A bakin ruwa kuwa, babba guda ya zama ba shi da aikin komai sai kallon yara, ba waya ba hira, domin yaron da ke nutsewa ba ya iya ihu.

Gudawa da ɓacewa

Canjin ruwa da abinci kan ɓata cikin yara. Guzurinmu na gargajiya, kilishi da dambun nama da dabino da ƙuli-ƙuli, yana jure hanya, sai dai ƙasashen Turai da Amurka ba sa barin a shiga musu da nama, can sai a haƙura. Ruwan sha ya zama na gora ko tafasasshe. Idan gudawa ta kama yaro, abin tsoron shi ne ƙarewar ruwan jiki. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis, idan babu a haɗa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shan nono a ci gaba da ba shi. Idan ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini, sai asibiti.

A wurin cunkoso irin Harami ko babban filin jirgi, a ɗaura wa kowane yaro abin hannu mai sunansa da sunan masauki da lambar wayar da ke aiki a ƙasar. Kowace safiya a ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa. A kuma koya masa abu guda: idan bai ga kowa ba ya tsaya cak inda yake, ya nemi mai kayan sarki ko mace mai yara.

Idan kana da niyyar fita da iyali a hutun da ke tafe, daren nan ka ɗauko fasfunan yaran ka duba ranar ƙarewarsu, gobe ka tambayi kuɗin kujerar yara ta mota. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.