Cinikin da ake yi a fuskar ruwan Zobe

Da sanyin safiya, madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, takan kwanta lumui kamar faranti. Amma a wannan shimfiɗa ake cinikin da ran kifi ya rataya a kai.

Kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ne. Lita guda ta ruwa kuwa, a ɗumi irin na Katsina, miligiram 8 kacal take iya riƙewa, kuma da zafi ya ƙaru sai abin ya ragu. Da rana gansakuka na samar da wani kaso. Da dare ita ma shaƙa take yi, ba sauran mashiga sai fuskar ruwa. Shi ya sa mai kiwon kifi kan tarar da karfasa da asuba ta taso sama tana buɗe baki, sai ya yi ta watsa ruwa don iska ta ratsa. Tarwaɗa ko a jikinta, domin tana iya haɗiyar iska kai tsaye.

Tsutsar sauro a kududdufan Kurfi ita ma a wannan fatar ruwa take maƙalewa, kai ƙasa, bututun numfashi sama. Malala mai a kan ruwa na cikin dabarun da aka kashe ta da su lokacin haƙa mashigin Panama.

Marina sun daɗe da sanin sirrin haɗuwar ruwa da iska. A Ƙofar Mata ta Kano, ruwan baba da toka da ya ruɓa a rijiyar rini kore-kore ne daga ciki, kumfar samansa ce shuɗiya, don ita ke cuɗanya da iska. Zane ma da kore yake fitowa. Marini ya matse, ya baza, kan a ce kwabo ya rikiɗe shuɗi, launin ya kama zare. Oksijin ne ya ƙarasa rinin.

A 2019, Richard Zare da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ce ɗigon ruwa ƙanana ƙwarai, waɗanda fuskarsu ke da yawa idan aka kwatanta da girmansu, suna haifar da sinadarin haidurojin feroksaid, na wanke miki, ba tare da an zuba komai ba. Wasu masana a Saudiyya suka gwada, suka ce iskar ozon da ke ɗakin gwaji ce ta yi aikin. Har yau musun bai mutu ba.