Faifan Daidaito: Ƙaramin Ƙarfen da Ke Saita Jirgin Ruwa Mai Gudu

Duk wanda ya saba kallon bidiyon jiragen ruwa masu gudu a TikTok ko YouTube, irin waɗanda ke jigilar mutane daga Ikorodu zuwa tsibirin Legas ko daga Fatakwal zuwa Bonny, ya san yadda jirgin ke ɗaga hanci sama da zarar direba ya ba shi wuta. Wasu na ɗauka burga ce. A wajen direba kuwa lokaci ne mai wuya, domin hancin jirgin ya tare masa gaba, inji na wahala, mai kuma na ƙonewa a banza.

A Ikara da Makarfi da Kudan babu kogin da irin wannan jirgi zai sheƙa gudu a cikinsa. Manyan ruwayen da ke kusa su ne dam ɗin Tiga da na Challawa a jihar Kano, kuma kwalekwalen masunta ne ya fi yawa a can. Amma matsalar ba baƙuwa ba ce ga ɗan acaɓan da ya taɓa ɗaura damin rake a bayan babur ya nufi kasuwar Makarfi, ko ya jera kwandunan tumatir daga Hunkuyi. Nauyi ya koma baya, tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya daina jin magana. Idan kayan suka rinjaya gefe ɗaya, haka zai yi ta kokawa da babur ɗin har ya isa. Jirgi mai gudu ma haka yake fama, kuma ɗaya daga cikin magungunan da aka samo masa shi ne wasu faya-fayan ƙarfe guda biyu da ake ɗaurawa a bayansa. Sunansu a kasuwa tirim tab. A nan za a kira su faifan daidaito.

Dalilin da ya sa jirgi ke ɗaga hanci

Jirgin ruwa iri biyu ne ta fuskar tafiya. Akwai wanda ke keta ruwa yana ture shi gefe, kamar kwalekwale da manyan jiragen katako. Irin wannan yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanke masa. Mai tsawon ƙafa 25, misali, da ƙyar yake wuce kilomita 12 zuwa 13 a awa ɗaya, sai dai a yi ta ƙona mai.

Akwai kuma wanda aka ƙera cikinsa don ya hau saman ruwa ya riƙa sulɓi, kamar dutsen da yaro ya jefa a tafki yana tsalle a kan ruwa. Yawancin jiragen fiba masu babban inji a baya irin wannan ne. Kafin jirgin ya hau saman ruwa sai ya haye igiyar ruwan da shi da kansa ya tayar a gabansa. A daidai wannan gaɓar baya ke nutsewa, hanci ya miƙe. Ga nauyin inji da batir da tankin mai, galibi duk a baya suke, sai abin ya ƙaru.

Bayan wannan akwai wasu matsaloli biyu. Ta farko, jirgi ya karkata gefe ɗaya saboda yadda fasinjoji suka zauna, ko iska, ko juyawar farfela. Ta biyu, hanci ya riƙa sama da ƙasa yana dukan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko da ruwan a kwance yake.

Yadda faifan ke aiki

Faifai biyu ne na ƙarfe mara tsatsa, ɗaya a hagu ɗaya a dama, a ƙasan allon bayan jirgi inda ya haɗu da cikin jirgin. Kowanne na da maɗauri mai lanƙwasa kamar na ƙyauren ɗaki, da wata sanda da ke tura shi ƙasa ko ta janye shi sama idan direba ya danna makunni.

Wanda ya taɓa fito da tafin hannu ta tagar mota a kan hanyar Zariya zuwa Kano ya riga ya san sirrin. Idan ya ɗan karkata hannun, iska ta ɗaga shi sama. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka faifai mai faɗin tiren shayi ya isa ya ɗaga bayan jirgi. Idan aka sauke faifan, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin jirgi ya buge shi ya karkata ƙasa, shi kuma ya tura bayan jirgin sama. Baya ya tashi, hanci ya sauka.

Ƙarfin wannan turi ya dogara da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Wannan lissafin ne ya sa faifan ke da amfani sosai a jirgi mai gudu, kuma shi ne ya sa ba ya tsinana wani abin kirki a jirgin da ke tafiyar hawainiya.

Idan aka sauke faifan biyu tare, jirgi na saurin hawa saman ruwa, kuma yana iya ci gaba da sulɓi ba tare da an matsa wa inji ba. A nan ake samun sauƙin mai. Idan aka sauke guda ɗaya, ana gyara karkata. Sai dai aikin nasu a gicciye yake: faifan hagu na ɗaga bayan hagu, ya danne hancin dama. Shi ya sa a yawancin makunnai abin da aka rubuta yana nuna inda hanci zai nufa, ba faifan da ke motsi ba.

Kada a rikita shi da abubuwa biyu. Injin waje yana da nasa makunnin da ke karkata shi gaba ko baya, wanda ke sauya kusurwar farfela. Shi ma yana ɗaga hanci ko ya sauke shi, amma ba ya gyara karkatar gefe. Sannan akwai wani ɗan ƙaramin fiffike a saman farfelar injina irin su Yamaha, shi ma sunansa tirim tab, aikinsa rage jan da farfela ke yi wa sitiyari. Mai saye ya bayyana wanda yake nufi, kada a miƙo masa wannan.

Ire-irensa a kasuwa

Wani Ba'amurke mai suna Charles Bennett ne ya fito da faifan da direba ke iya sarrafawa daga mazauninsa, a wajajen 1960, kuma har yau kamfanin Bennett Marine na jihar Florida na ƙera shi. Akwai wanda da mai yake aiki: ƙaramin famfo na tura man giyar mota ta cikin siraran bututu zuwa sandunan. Kamfanin Lenco ya yi suna da na lantarki, wanda ke da ƙaramin moto a cikin sandar kanta, babu famfo babu bututu, waya kawai. Akwai na Nauticus da ake kira Smart Tabs, wanda ba ya buƙatar batir. Sandarsa na da iskar gas a matse kamar sandar da ke riƙe murfin but ɗin mota: a ƙaramin gudu tana danne faifan, gudu na ƙaruwa ruwa ya tura shi sama. Ya dace da ƙananan jirage, amma direba ba ya iya gyara karkata da shi yana cikin tafiya. Kamfanonin Zipwake da Humphree na ƙasar Suwidin kuma wata siririyar wuƙa suke amfani da ita, wadda ke leƙowa ƙasa kaɗan ta tare ruwa.

Wajen girma, ƙa'idar da Bennett ke bayarwa ita ce inci ɗaya na faɗi ga kowace ƙafa ɗaya ta tsawon jirgi. Jirgi mai ƙafa 24 zai so faifai mai faɗin kusan inci 24, wato santimita 60, da tsawon inci 9 zuwa baya. Jirgi mai nauyi da jinkiri na son babba, mai tsananin gudu kuma ƙarami ya ishe shi.

Yadda ake ɗaura shi

Ana fara fito da jirgi kan tudu a bar allon baya ya bushe. Sai a duba ciki, a tabbata babu tankin mai ko waya ko bututu a inda za a huda.

Daga nan sai awo, kuma a nan aiki ke kyau ko ya lalace. Ana sa faifan can gefe, a bar kamar inci 3 zuwa 4 daga kusurwar jirgin, saboda nisansu da juna shi ke ba su ƙarfin gyara karkata. Ana barin aƙalla inci 8 daga tsakiyar inji, sannan a juya injin hagu da dama har ƙarshe a ga bai taɓa komai ba. Sai a ɗora miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin jirgin ya leƙo baya. Maɗaurin faifan ya zauna kamar kwatan inci sama da katakon, bakinsa na baya kuma ya ɗaga kamar rabin inci ko ɗan fiye idan an janye shi gaba ɗaya. Wannan ɗan gibi ne ke hana shi taɓa ruwa lokacin da ba a buƙatarsa. Kowane kamfani na da ainihin awonsa a takardar da ke cikin kwali, kuma ita ce abin bi.

Bayan an yi alama, a huda ƙananan ramuka, a cika kowanne da gam ɗin jirgin ruwa irin su 3M 4200 ko 5200 kafin a ɗaura sukurori. Yawancin jiragen fiba katako ne a tsakiyar allon bayansu. Rami ɗaya da ba a toshe da kyau ba zai riƙa shigar da ruwa, katakon ya ruɓe a ɓoye, alhali shi ne ke riƙe da inji. Sukurorin ma su zama na ƙarfe mara tsatsa.

Sai a kafa sandunan, a ja waya zuwa wajen direba, a sa fiyus kusa da batir. Haɗin waya ya zama a rufe ruf, domin murɗa waya a naɗe da salatif ba ya daɗewa a wuri mai danshi. Jirgin da ke kwana cikin ruwa kuma ana maƙala wa faifansa wani guntun ƙarfe da lalacewa za ta ci a madadinsa: zinki ko alminiyam a ruwan gishiri irin na Legas, magniziyam a ruwan daɗi irin na Tiga ko Kainji.

Gwaji na farko a kan tudu ake yi, a ga kowane makunni na motsa faifan da ya kamata. Na biyu a ruwa mai kwanciya, ba fasinja. Ana danna makunni ne kaɗan-kaɗan, kamar rabin daƙiƙa, a jira jirgi ya amsa. Idan aka sauke da yawa ana gudu, hanci zai caki ruwa, jirgi ya fizge gefe ba zato. Idan igiyar ruwa na biyo jirgi ta baya, ko za a yi ribas, a janye faifan sama gaba ɗaya.

Inda wayar hannu ta shigo

Sababbin na'urori irin su AutoTrim Pro na Bennett da tsarin Zipwake da kansu suke wannan aiki. A cikinsu akwai irin na'urorin jin motsi da ke cikin waya, waɗanda ke juya hoton sikirin idan an kwantar da ita, ko su sarrafa mota a wasan tsere. Manhajar na auna karkatar jirgi, ta kwatanta da yadda direba ya saita, ta motsa faifai, ta sake aunawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ɗalibin da ke koyon Arduino zai iya gwada wannan dabara da ƙaramin moto da na'urar jin motsi a kan teburinsa.

Ko babu na'ura mai tsada, manhajar awon daidaito irin ta magina da ke cikin waya za ta iya nuna kusurwar jirgi idan aka kafa wayar da kyau. Binciken da Daniel Savitsky ya wallafa a Amurka a 1964, wanda masu ƙera jirage ke amfani da shi har yau, ya nuna irin waɗannan jirage sun fi tafiya da sauƙi idan hanci ya ɗaga 'yan digiri kaɗan. A aikace ana neman tsakanin digiri 3 zuwa 5.

Abin da ba zai iya ba

Faifan daidaito yana gyara zaman jirgi a kan ruwa, amma ba ya ƙara masa ko kilo ɗaya na abin da zai iya ɗauka. Haɗarinsa ma shi ne yana iya ɓoye laifi: jirgin da aka yi wa mugun lodi zai yi kamar ya daidaita muddin yana gudu, direba na rage wuta turin ruwa ya ɓace, karkatar ta dawo lokaci ɗaya.

Manyan haɗurran da suka girgiza Arewa ba rashin wannan faifai ne ya jawo su ba. A ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya nutse ɗauke da mutum sama da 150. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A duka biyun rahotanni sun ambaci lodi fiye da ƙima. Irin waɗannan jirage keta ruwa suke yi ba sulɓi ba, faifai ba zai yi musu komai ba. Abin da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ke ta nanatawa shi ne a daina wuce ƙima, a daina tafiyar dare, kowa ya sa rigar ceto.

Don haka mai jirgin fiba mai gudu ya fara da abin da ba ya cin ko sisi: ya rage kaya, ya raba nauyi gaba da baya, hagu da dama, ya saita kusurwar inji. Idan bayan haka jirgin na ci gaba da ɗaga hanci ko karkata, to lokacin sayen faifai ya yi. Fasinja kuma, ko a Tiga ne ko Yawuri ko Legas, abin da zai duba kafin ya taka jirgi shi ne yawan mutanen da ke ciki, da tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgin, da rigar ceton da za a ba shi.