Yawan Kiran Cibiya da Nauyin Kwamfuta: Hanyar Gano Cutar

1.0 Gabatarwa

Idan kwamfuta ta yi nauyi a makaranta ko ofis, a Gwarzo ko a Kabo, akan ɗora laifin a kan tsufanta, har a fara shawarar sayen sabuwa. Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa wani lokaci cutar tana cikin manhaja ne, kuma ana iya gano ta ba tare da kashe kuɗi ba.

2.0 Asalin Matsalar

A babbar manhaja irin su Linux, ƙaramar manhaja ba ta da ikon taɓa faifai da kanta. Dole ta roƙi cibiya, watau sashen da ke riƙe da dukkan kayan na'ura. Wannan roƙo shi muka kira kiran cibiya. A kowane kira sai na'ura ta ajiye aikin da take yi, ta shiga cibiya, sannan ta komo.

Alal misali, fayil mai bayit 1,048,576, in aka karanta shi bayit ɗai-ɗai, zai ci kira 1,048,576. In kuwa aka riƙa ɗibar bayit 4,096, kira 256 sun wadatar. Kamar mai kai gero ne daga Kabo zuwa Gwarzo: wanda ke kaiwa tiya-tiya, kuɗin mota zai cinye ribarsa kafin mai buhu ya yi sawu biyu.

A watan Janairu 2018 aka bayyana ɓarakar tsaro da ake kira Meltdown, wadda ta shafi yawancin na'urorin Intel. Gyaran da aka yi mata ya ƙara wa kowane kira tsada, musamman a tsofaffin na'urori.

3.0 Matakan Bincike

Da farko a duba vmstat. Layin "us" yana nuna lokacin da manhajoji suka ci, "sy" kuwa na cibiya. In "sy" ya yi yawa alhali aikin kaɗan ne, zargi ya hau kan kira. Na biyu, a sa strace -c ya ƙirga kiraye-kirayen manhajar da ake zargi. Sai dai a lura, strace yana tsayar da manhaja a kowane kira, saboda haka ƙidayarsa abin dogaro ce, amma ba lokacin da ya auna ba.

4.0 Kammalawa

Maganin shi ne tara buƙatu a miƙa su gaba ɗaya. Don haka ne ma aka shigar da io_uring cikin Linux 5.1 a 2019. Shawararmu ga malamai ita ce a koya wa ɗalibai awo kafin hukunci, domin sabuwar na'ura ɓoye wannan cuta kawai za ta yi, ba warkar da ita ba.