Giyar DSG: Tambayar da ya kamata mai sayen mota a Maraɗi ya yi kafin ya biya kuɗi

Cikin motocin hannu da ake shigowa da su Maraɗi daga Turai, akwai waɗanda ke ɗauke da rubutun DSG a kan sandar giya, musamman Volkswagen Golf, Passat da Skoda Octavia. Dillali zai ce maka otomatik ce kawai. Amma DSG iri-iri ce, kuma bambancinsu na iya raba mutum da kuɗinsa a gareji.

Ita wannan giya kuloci biyu gare ta. Ɗaya na riƙe da giya ta 1, 3 da 5, ɗayan kuma ta 2, 4 da 6. Mota na tafiya a giya ɗaya, kwamfuta ta riga ta shirya ta gaba, shi ya sa canjin ke da sauri kuma ba ta shan mai sosai.

Volkswagen ya fara fitar da ita a 2003 cikin Golf R32. Sunan wannan ta farko DQ250, mai giya 6, kuma kulocinta a cikin mai yake, man ne ke sanyaya shi. Sharaɗinta shi ne a canza mata mai da matata duk bayan kilomita 60,000.

A 2008 aka kawo DQ200 mai giya 7 don ƙananan injuna irin 1.2 da 1.4. Kulocinta busasshe ne, iska kaɗai ke sanyaya shi. Ta fi rashin nauyi da tsimin mai, amma ita ce ta fi jawo ƙorafi. A watan Maris na 2013 kamfanin ya janye motoci sama da 380,000 a Sin saboda matsalar giya, sannan a Nuwamba ya kira wasu kimanin miliyan 1.6 a duniya don a sauya irin man da ke cikin DQ200. Ford ma ya sha irin wannan da giyarsa PowerShift mai busasshen kuloci a Fiesta da Focus, har kotu a Ostireliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 a 2018 kan yadda ya bi da koken masu motocin.

Daga baya an fito da DQ500 da DQ381, dukkansu masu giya 7 da kuloci cikin mai. Ke nan ganin giya 7 kaɗai bai isa ya nuna wacce ce a motar ba.

A kan kwalta, daga Maraɗi zuwa Tibiri ko zuwa Jiratawa, kowacce za ta yi maka daɗi. Matsalar tana cikin gari. A cunkoson babbar kasuwa, inda ake jan jiki tsakanin adaidaita da 'yan kabu-kabu, kuloci na ta gogawa bai kama gaba ɗaya ba. Haka ma idan taya ta nutse a yashin unguwa direba ya dinga taka totur. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. A irin wannan hali busasshen kuloci ya fi saurin ɗaukar zafi da cinyewa.

Gyaran ma ba na kowane bakanike ba ne. Na'urar da ke sarrafa giyar, wadda ake kira mekatironik, sai an jona ta da kwamfuta, haka ma bayan an sa sabon kuloci.

Saboda haka, 'yan uwa da ke Beljiyam ko Jamus masu niyyar turo mota gida, ku nemi lambar giyar da takardun juyen mai kafin ku saya. Mai saye a nan kuma ya gwada motar a cikin gari bayan ta yi zafi. Idan tana kakkarwa wajen tashi, ko tana fizga tsakanin giya ta 1 da ta 2, a rage kuɗin gyara daga farashi ko a haƙura da ita.