Sawu da Zanen Yatsa a Cikin Aji

A ƙasar Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, inda gonakin gero suke iyaka da makiyayar kwarin Tarka, bin sawu tsohon sani ne. In raƙumi ya ɓata, akan nemo wanda ya iya karanta rairayi. Zurfin sawu yakan nuna masa ko dabbar na ɗauke da kaya. In bakin sawun ya ruguje, ƙwari sun ratsa ta kansa, ya san ya kwana. Ɗan lakwal da ya tashi a irin wannan wuri ya riga ya kama hanyar binciken da ƴan sanda ke yi da kimiyya.

Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken ƴan sanda a Lyon ta Faransa a 1910, ya kafa aikinsa kan cewa duk wanda ya taɓa abu sai ya bar wani abu, ya kuma tafi da wani.

Malami na iya gwada wannan da kayan da ke hannunsa. Sai ya shirya da shugaban makaranta a ɗauke akwatin alli kamar an sace shi, a bar sawun takalmi a bakin taga da kofin shayi na gilas a kan tebur. Yara su auna sawun, su zana ƙasan takalmin. Kofin kuwa a barbaɗa masa garin kwalli kaɗan, a hure a hankali. Maiƙon yatsa zai riƙe garin, zanen ya fito. Kowane yaro ya goga fensir a takarda, ya dangwala babban yatsa, a kwatanta. Za su ga zane iri uku: mai lanƙwasa, wanda ya fi yawa, da mai zagaye, da mai tudu. Ko tagwaye nasu ba ya zama ɗaya. Da hujjar zanen yatsa aka kama wata mata mai suna Francisca Rojas a Ajantina a 1892.

Wahalar tana wajen zargi. Tun kafin a auna komai, aji zai nuna yaron da ya yi suna da ƙiriniya. Shi ya sa ya fi kyau "ɓarawon" ya zama babba, don kada wasa ya bar wa yaro tabo. Malami ya tsaya kan tambaya ɗaya, me ka gani da idonka? Takalmin roba iri ɗaya ya cika kasuwar Dakoro, saboda haka sawu kaɗai bai isa ba. Sai yara sun nemo wani yanka da ke dunduniyar takalmin "ɓarawon", wanda babu shi a na kowa.