Gidan Hafsoshi a Barikin Soja: Asalinsa da Tsarin Gininsa

Jama'a da yawa a Naraguta da kewayen Jos sun ɗauka cewa gidan da sojoji ke kira "mes" mashaya ce kawai. Ya kamata a gyara wannan fahimta.

Sojoji sun daɗe a wannan yanki. A shekarar 1903 Bature Laws na kamfanin Neja ya kafa sansanin haƙar kuza a Naraguta, da rakiyar dakarun rundunar da Lugga ya kafa a 1897. Turawan wannan runduna su ne suka kawo al'adar mes daga Ingila, watau gida guda inda hafsoshi ke ci tare, su zauna tare. Da farko Turawa kaɗai ke shiga, domin ba a fara ba 'yan ƙasa muƙamin hafsa ba sai wajen 1948. Zakariya Maimalari, ɗaya daga cikin na farko a Arewa, ya sami nasa a 1953.

Tsarin ginin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, har da barikin Rukuba da ke yamma da Jos, hedkwatar runduna ta uku, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Birgediya Maxwell Khobe. Daga baranda sai zauren hira, inda hafsa zai tuɓe hula ya ajiye makami kafin ya shiga. Sa'an nan ɗakin cin abinci mai dogon tebur, inda ake jera kofunan azurfa da hotunan tsofaffin kwamandoji. A baya akwai madafa da ɗakunan kwanan hafsoshin da ba su yi aure ba. Wannan ne ainihin dalilin ginin: saurayin da aka turo daga Sakkwato ko Kalaba ba shi da wani gida sai nan, kuma a tebur yake koyon ladabin aiki daga magabatansa. Kowane hafsa yana biyan kuɗin wata-wata, kwamiti kuwa shi ke riƙe da lissafi.

Saje-saje suna da nasu mes dabam, kuma hafsa ba ya shiga sai da gayyata. Kurata kuwa sai kasuwar Mami, wadda ta samo suna daga Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da abin sha na gida a barikin Inugu a 1959. A nan ne farar hula ya fi cuɗanya da soja, da tsire da gasasshen kifi, amma shi ma sai ya bi ta ƙofar bariki an bincike shi.