Kwalbar da ta girmi giyar da ke cikinta

A watan Afrilun 2008, wani lauya a New York da ya san kan jar giyar inabi ta Faransa yana duba kundin gwanjo, sai ya ci karo da abin da bai kwanta masa a rai ba. Cikin kayan da za a sayar akwai kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot, masu ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971. Bai taɓa ganin irinsu ba, don haka ya aika wa mai gonar tambaya: yaushe kuka fara yin wannan giya?

Laurent Ponsot, wanda a lokacin yake riƙe da gonar gidansu a ƙauyen Morey-Saint-Denis na yankin Burgundi, bai buƙaci dogon tunani ba. Mahaifinsa ya fara yin Clos Saint-Denis ne a 1982. To ina aka samo ta 1945? Da ya ƙara dubawa, sai ga wata kwalbar Clos de la Roche mai ɗauke da 1929, alhali kakansa bai fara ɗura giya a kwalba da sunan gidan ba sai 1934.

Ponsot ya kira masu gwanjon, amma bai tsaya nan ba. Ya hau jirgi zuwa New York, ya shiga zauren ana cikin ciniki, ya nemi wuri ya zauna. Aka janye kwalabe 97 masu sunan gidansa.

Saura tambaya ta biyu: wa ya kawo su? Wani matashi ne ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, Rudy Kurniawan. Attajirai sun san shi da hannu sake da kuma harshen da ke gane giya da kurɓa ɗaya. A 2006 kaɗai, gwanjo biyu na kayansa sun tara kusan dala miliyan 35. Da Ponsot ya tambaye shi inda ya sayi kwalaben, da farko ya ce bai tuna ba. Daga baya ya ba da sunan wani mutum a Indonesiya da lambobin waya biyu. Aka gwada su: ɗaya ta kamfanin jiragen sama ce, ɗaya ta wata cibiyar kasuwanci a Jakarta.

Duk da haka ba a san ko shi ma damfarar sa aka yi ba, ko kuwa shi ne uban tafiyar. Wannan ƙulli bai warware ba sai 8 ga Maris, 2012, ranar da jami'an FBI suka shiga gidansa a Arcadia. Sun tarar da dubban takardun manna wa kwalba, da hatimai, da tarin toshiyar bakin kwalba, da tsofaffin kwalabe jiƙe a ruwa don a ɓare takardunsu. Har da rubutattun bayanan yadda yake haɗa giya mai araha ta ba da ɗanɗanon tsohuwa mai tsada. Kicin ɗinsa shi ne masana'antar.

A shari'ar da aka yi a Disambar 2013, Ponsot ya ba da shaida tare da wasu manoman Burgundi biyu, Aubert de Villaine da Christophe Roumier. A 2014 aka yanke wa Kurniawan ɗaurin shekara 10, sannan a 2021 aka tisa ƙeyarsa zuwa Indonesiya.

Gwanayen ɗanɗano sun sha jabu shekara da shekaru suna yabawa, domin sunan da ke jikin kwalba da kuɗin da aka biya sun riga harshensu yanke hukunci. Wanda ya tona asirin shi ne mutumin da ya san shekarar da mahaifinsa ya fara aikin. Duk mai sayen kaya masu tsada saboda sunan mai yin su, ya fara tambayar mai yin su tukuna.